Zanen da Ke Rataye a Ƙofar Shagon Baba Dawuda

Kafin masu kayan miya su gama baje tumatir a bakin kasuwar Zuru, Baba Dawuda mai gyaran tabulet ya riga ya iso a kan tsohon kekensa. Shagon nasa suna kawai ya tara, don in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya leƙo da kai. Yakan buɗe ƙofa, ya yi gajeriyar addu'a a tsaye, ya jona batirin sola, sannan ya zaro wani tsohon zane daga jaka ya rataye shi a ƙusa, daidai inda rana ke faɗawa. Zanen matarsa ne Saloma, farar atamfa mai furanni ja da kore da shuɗi. Baƙo yakan ɗauka shanya aka manta. Mu 'yan gari mun san duk kayan aikin da ke cikin shagon babu wanda ya kai wannan zane daraja. Saboda shi na ɗauki alƙalami yau, don ƙarshen watan nan Baba Dawuda zai sauke shi daga ƙusa ya koma gida ya huta, ni kuwa raina ba zai ba ni in bar shi ya tafi shiru ba.

Da rediyo ya fara, tun yana saurayi. Ya bi talabijin mai baƙi da fari, ya bi mai launi, waya ta zo ya bi ta. Da tabulet ta shigo gari, wato babbar wayar nan mai faɗin faranti, sa'o'insa duk suka ce su kam sun tsufa da wannan. Shi ko ya sayi gilashin ƙara girma ya zauna. Mutumin da ya yi shekaru yana noman golmo a gonar surukai kafin a ba shi Saloma, ai ba wata na'ura ce za ta koya masa haƙuri ba.

Aiki kuwa ya samu, don tun da tabulet ta zo ƙorafi bai yanke ba. Malamin makaranta zai zo ya ce tasa da an fita rana sai ta yi baƙi ƙirin, ba ya ganin komai sai fuskarsa. Fasto zai kawo tasa, wani koren layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa ya raba masa aya biyu. Wata ta ce tata taɓa kanta take yi, ta buɗe wannan ta rufe wancan, har maƙwabta sun fara cewa ta kai ta a yi mata addu'a. Uwa-uba kuma launi: ja ya koma ruwan goro, shuɗi ya koɗe, fari ya zama ruwan ƙwai. Yawanci tushen abin ɗaya ne. Sikirin na asali, wato gilashin fuskarta, ya fashe, an je an sa jabu don ya fi sauƙi, ya yi kyau na ɗan lokaci, zafin Zuru ya gasa shi, sai ya fara nuna halinsa. Araha ba ta ado, haka Baba Dawuda ke gaya wa kowa, wasu su ji, wasu su juya su tafi wani shagon, su dawo bayan girbi suna sosa ƙeya.

A nan zanen Saloma ke shigowa. In Baba Dawuda ya gama sa maka sikirin, ba ya miƙa maka kayanka a cikin inuwar shago, ko da jirgi ne ke jiranka. Sai ya ja ka waje, ya ɗauki hoton zanen da tabulet ɗinka, ya kara ta a jikin zanen, ya ce ka duba da idonka. Tambayarsa ɗaya ce, kuma duk Zuru an haddace ta: "Ɗaya ne ko biyu?" In ka ce ɗaya, ka ɗauki kayanka. In ka ce biyu, ko ka yi jim, zai karɓe ya koma ciki ya sake kwancewa, ka yi ta magiya ya yi mursisi. Muntaka mai shayi, wanda teburinsa ke manne da shagon, ya sha yi masa tsiya cewa shi kaɗai ne mai sana'ar da ke roƙon mai kaya ya kushe aikinsa.

Ku tambayi Farida mai ɗinki abin da wannan zane ya yi mata. Ita a tabulet take nuna wa masu ɗinki samfurin atamfar da dillalai ke turo mata. Matan zumunta na wata majami'a a Danko suka zo zaɓar anko, suka ga wata ruwan goro ta burge su, aka yi oda. Da kaya ya iso sai ga shi ja wur kamar barkono. Mata suka cika mata shago, suna cewa ta canza musu kaya, har da masu cewa dama an gaya musu. Da gudu ta zo wurin Baba Dawuda, gyale a hannu. Bai tsaya dogon bayani ba, ya ce ta kirawo su duka. A gabansu ya ɗauki hoton zanen Saloma da tabulet ɗin Farida, jajayen furannin nan suka fito ruwan goro sak. Nan take shugabar matan ta kama hannun Farida ta ba ta haƙuri. Suka ɗinka jan suka sa, an ce a taron babu wanda ya kai su fitowa. Farida har gobe cewa take yi Baba Dawuda mutuncinta ya gyara, tabulet kyauta ce.

Kai ne wannan, Baba Dawuda. Kai ne mai cewa a fito rana a duba, alhali wasu na jan mutum lungu. Kai ne ka mai da tsohon zanen matarka alƙali, kuma ba ka taɓa ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa ba.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba, shi ya ba ni izinin faɗa. Tun daminar bara idonsa ya fara yi masa wasa. Wata rana Saloma ta kawo masa tuwon shinkafa, ya tambaye ta ko manja ya zube a ciki. Ta dube shi, ta dubi tuwon fari fat, ta ajiye mara. A asibiti aka ce yana ce ta fara rufe masa ido, ita ke sa yake ganin fari kamar an shafa masa ruwan ɗorawa, kuma sai ta ƙara nuna za a cire. Daga Saloma sai Muntaka suka san zancen. Ya ci gaba da aiki, yana dogara da idon masu kaya, amma abin yana cin ransa.

Ana cikin haka Mama Leah ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagon, tun daga Manga. Dattijuwa ce manomiya, matar soja, uwar soja. Tabulet ɗinta na naɗe cikin ɗankwali, ga wata jarka cike da jan ruwa tana riƙe da ita kamar jariri. Ta gaishe shi, ta ce, "Malam Dawuda, duba min batirin abin nan kada ya mutu min a hanya. Gobe da safe zan bi mota, zan je in ga ɗana."

Ya tambaye ta ina ɗan yake. Da ta faɗi wurin, can gabas inda ake fafatawa, Muntaka ya daina fifita wuta. Kowa ya san hanyar nan ba ta tsohuwa ba ce, ko matasa sai da rakiya suke bi. Baba Dawuda ya ba ta benci, ya tambaye ta abin da ke cikin jarka. Saiwar rawaya ce da ganyen gwanda ta dafa, maganin ciwon shawara.

Nan ta kwance masa bakin jaka. Ɗanta Philemon ne ya saya mata tabulet ɗin, don ta riƙa ganin fuskarsa sosai in ya kira. Ba ta yin komai da ita sai wannan, in ta yi ƙara ta taɓa kore, in an gama ta naɗe ta a ɗankwali. Kwanakin baya ta faɗo daga kan turmi ta fashe, wani ɗan'uwa ya kai ta wani gari aka sa mata sabon gilashi. Daga baya sai ta lura fuskar Philemon na sauyawa a hankali, fata ta ɗashe, farin idonsa ya koma rawaya. Ta tambaye shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta sake tambaya, ya yi dariya. Dariyar nan ce ta tayar mata da hankali, don haka mahaifinsa ya riƙa yi mata, yana cewa gajiya ce, har ranar da aka kawo shi gida ido rawaya, ciki a kumbure, bai ga kaka ba. Har a ɗan hotonta da ke fitowa a kusurwa ta ga kanta rawaya, ta ce to ciwon na gida ne. Abinci ya daina shiga. Ta yanke cewa ba za ta sake zama a gida a yi mata dariya har a kawo mata gawa ba.

Baba Dawuda ya kunna tabulet ɗin, ya duba. Rawaya yake gani, amma shi yanzu ko farar takarda rawaya yake ganinta. Da wani ne, sai ya ce, haba Mama, ai sikirin ne, koma gida ki ci tuwo. Maganar na bakinsa ya haɗiye ta. In ya faɗa ta koma gida, ashe yaron da gaske ba shi da lafiya, da wane ido zai dube ta? In kuma ya yi shiru ta hau motar nan wani abu ya same ta a hanya saboda gilashin banza, wannan ma a wuyansa yake. Tsoro ya kama shi sosai, ya faɗa min da bakinsa.

Ya ja ta waje, ya ɗauki hoton zanen, ya kara. Ko da nasa idon ya ga rawayar sikirin ta fi ta zanen kauri. Ya yi mata tambayarsa. Mama Leah ta daɗe tana dubawa.

"Biyu ne," ta ce. "Amma ni ban haifi zane ba."

Bai yi mata musu ba. Ya tambaye ta yaushe Philemon ke kira, ta ce yau ma ranarsa ce, in rana ta ɗan karkata yakan hau wani tudu inda ake samun sabis. Ya roƙe ta ta jira. Muntaka ya haɗa mata shayi mai kauri, ta riƙe kofin har ya huce ba ta kurɓa ba. Kafin wani lokaci labari ya zaga layin, Farida ta bar keken ɗinki ta zo, mai kabu-kabun da ya kawo ta ya ƙi ɗaukar kowa ya kafe mashin yana jira.

Da tabulet ta yi ƙara Mama Leah ta taɓa kore. Ga Philemon cikin kaki, fuska kamar an shafa mata kurkum. Baba Dawuda ya leƙa ta kafaɗarta, ya gaishe shi da aiki, ya gaya masa ko shi wane ne, ya ce ya nuna musu wani farin abu in akwai kusa da shi. Yaron ya yi mamaki, amma ya ɓalle maɓalli ya jawo wuyan singiletinsa. Ita ma rawaya ce.

"To, Mama," in ji Muntaka, "singileti ma shawara ag gare ta? Sai a ɗiba mata nata cikin jarka."

Aka kwashe da dariya, har Mama Leah ta kusa murmushi, sai ta ɗaure fuska ta ce singiletin soja a daji ai datti ma na iya mai da ita haka. Baba Dawuda ya ce gaskiyarta, wannan sikirin ya riga ya zama maƙaryaci, ba a karɓar shaidarsa ko ta alheri ko ta sharri. Ya roƙi Philemon ya sake hawa tudun nan kafin rana ta faɗi, in Allah ya yarda za su dube shi ta gilashin kirki.

Ƙarƙashin teburinsa akwai wani kwali da Muntaka ke kira maƙabarta, cike da matattun tabulet da masu su suka yafe. Ya durƙusa ya yi ta tono har ya ciro wata irin ta Mama Leah sak, wadda wutar janareta ta ƙone mata ciki amma sikirin ɗinta na asali ko ƙwarzane babu. Jama'a, ranar na ga aiki. Ya sa gilashin ƙara girma, Farida ta haska masa tocila duk da rana ba ta faɗi ba, ya ɗumama gefen, ya ɗaga jabun a hankali, ya ciro na asalin daga matacciyar ya ɗora. Akwai wata 'yar igiya da ke haɗa sikirin da cikin na'ura, ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, in ta yage an gama. Idonsa bai ganin bakinta sosai, yatsunsa ne suka san hanya. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, masu leƙe sun toshe ƙofa har sai da Muntaka ya kore su don iska ta shiga. Da 'yar igiyar ta ce ƙyas ta zauna, sai da na ji numfashin mutum goma ya sauka tare.

Ya kunna, ya fita da ita waje, ya ɗauki hoton zanen. Bai ma buɗe baki ba Mama Leah ta riga shi, ta ce ɗaya ne. Saura babban gwajin, wato kiran Philemon, rana kuma ta fara jingina da duwatsu. Kowa ido a kan tabulet, mai ƙosai ta bar mai yana ƙonewa.

Sai ga ƙara. Mama Leah ta taɓa kore, fuskar Philemon ta cika gilashin, baƙi sumul mai sheƙi, irin baƙin gidansu. Ko gaisuwa ba ta amsa ba.

"Matso da fuskarka. Ja fatar idonka ƙasa da yatsa. Ɗayan ma."

Soja guda, a bakin daga, ya tsaya yana gwale ido kamar yaron da za a sa wa kwalli. Farin idon nan tas kamar madara. Mama Leah ta dube shi, ta sake dubawa, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta rungume tabulet a ƙirji, hawaye na zuba. Farida ta rangaɗa guɗa, mai kabu-kabu ya danne hon, Muntaka ya riƙa buga cokali a jikin butar shayi. Dattijuwar ta miƙe ta kama waƙar godiya da yaren C'lela tana taka rawa, matan kasuwa suka amsa mata, masu jin yaren da marasa ji. Ni kaina ban san lokacin da na fara tafi ba, daɗi ya cika ni har wuya.

Da ƙura ta lafa ta koma kan ɗanta da faɗa, me ya sa ya rame, me ya sa bai aske gemu ba. Farida ce ta tona mata asiri, ta gaya masa zancen motar gobe da jarka. Philemon ya matso da fuskarsa kusa. Sannan ya ce, "Mama, na ga abin da ɓoyon Baba ya yi mana. Ko ciwon kai na yi, ke za ki fara ji. Ki zauna gida, don Allah." Ta ce ta zauna. A gabanmu ta karɓi shayin nan mai sanyi ta shanye, ta ce a ƙaro da burodi.

Ana wannan murna ba wanda ya lura da Baba Dawuda sai Muntaka. Baba Dawuda ya ja shi gefe, ya rage murya, ya ce, "Muntaka, tsakaninka da Allah, idon yaron nan fari ne?"

"Hwari tas, Injiniya."

Ya gyaɗa kai. Shi har lokacin ruwan ƙwai yake gani. Farin da ya mayar wa uwa da ɗanta, duk kasuwa ta gani ban da shi. A daren ranar, da ya koma gida, ya gaya wa Saloma lokaci ya yi, wai wanda ke tambayar mutane ɗaya ne ko biyu, ya kamata shi ma ya iya ba da amsa. Mun roƙe shi, mun ce ai yatsunsa na gani, ya ce yatsu ba su san launi ba.

Baba Dawuda, gagara jabu, mijin Saloma. Kai ne ka ƙi sayar wa tsohuwa kwanciyar hankalin da ba ka tabbatar ba, alhali kalma ɗaya ta isa ta sallame ta. Kai ne ka hana uwa bin hanyar da ba lallai ta dawo ba, ba da wa'azi ba, da tono cikin kwali da gumin goshi. Ba ka da lambar yabo, ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, amma daga Ribah har Danko akwai gidajen da ke ganin fuskokin 'ya'yansu yadda Allah ya halicce su saboda kai. Mun gode, mun gode ƙwarai. Ubangiji ya ba da sa'ar aikin ido, ya sa hutun nan ya zama mai daɗi.

Ku kuma masu gyara da ke tasowa, da masu ɗinki, da magina, da duk mai karɓar kayan mutane da sunan sana'a, ƙusar nan tana nan a bakin ƙofa, ba a cire ta ba. Kowa ya nemi nasa zanen ya rataya. In ka gama aiki, fito da shi rana, ka bar mai shi ya duba, kuma ka iya jure amsarsa.

Mama Leah ta ba ni saƙo in isar, Baba Dawuda. Ta ce Philemon zai zo hutu lokacin bikin Uhola na bayan girbi, kafin nan an cire maka yana. Ta ce ba za ta bar shi ya ajiye jaka ba sai ta kawo shi ƙofar gidanka, ta tsayar da shi a rana, ya ja fatar idonsa ƙasa, ka gani da naka idon.